Rasuwar Hular Idrisa Mai Kifi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, tare da miƙa wuya ga abin da Allah ya hukunta, Idrisa Abdulra'uf, wanda aka fi sani da Mai Kifi, mai tsaron gidan ƙungiyar Kunamun Matameye, a madadin kansa da mai ɗakinsa A'i da ɗaukacin 'yan wasa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gida da na Dungu da Dawce da Ɗan Barto, har zuwa ƙetaren iyaka, rasuwar hularsa ta hana-salla, shuɗiya mai hoton kifi a goshi. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a ɗakin likitan ido a Damagaram, bayan jinyar shekara biyu. Ta yi shekara ashirin da uku a bakin aiki. Ainihin shekarunta kuwa Allah kaɗai ya sani, domin da tsufanta ta iso ƙasar nan cikin dilar gwanjo.

Iyalan marigayiya sun san wannan rashi ya zo kwana biyar kafin wasan ƙarshe na kofin yanki da za a buga da Dawce ranar Lahadi, sun kuma san yawancin masu kamo hannun Idrisa suna cewa ya haƙuri, ba hular ce ta dame su ba, so suke su ji ko zai tsaya a raga. Shi ma abin da ya hana shi cin tuwo ke nan. Amsar tana ƙarshen wannan sanarwa, sai dai ana roƙon jama'a su yi wa mamaciya kara, su fara jin tarihinta tukuna.

Wanda bai san filin ƙwallon Matameye ba zai ce hula ai hula ce, a nemo wata mana. To, a yi masa bayani. Lokacin da samarin wancan zamani suka roƙi dattawa fili, an ba su bisa sharaɗi guda: a nan za a riƙa sallar Idi, don haka kada a kafa komai a karkace. Maginin da aka ba aikin kafa turakun raga, bawan Allah ne da bai taɓa kallon ƙwallo ba, ya ɗauki igiyarsa ya daidaita filin da alƙibla tsaf, ya zuba siminti ba ƙwauro. Tun daga ranar raga ɗaya take gabas ɗaya yamma, kuma tunda bayan la'asar ake wasa, duk wanda ya tsaya a ta gabas ido da ido yake da rana har ta faɗi. An taɓa yunƙurin tone turakun a juya su, diga biyu suka karye, aka haƙura. Daga baya ma aka gane abin alheri ne. In Kunamu suka ci ƙuri'a sai su karɓi ragar gabas a zagayen farko, lokacin da rana take da sauran tsayi, su bar wa baƙo ita a zagaye na biyu, sa'ad da take saukowa daidai ƙwayar idonsa. Masu tsaron gida da yawa sun koma garinsu suna rantsuwa asiri aka yi musu.

Amma ƙuri'a ba kullum take faɗowa gida ba. Ranar da ta faɗa wa Ɗan Barto, Idrisa yana ɗan shekara goma sha takwas, wasansa na uku ke nan, ya tsaya a ragar gabas da hannu ɗaya a goshi yana kare rana, ɗaya hannun yana laluben ƙwallo a iska. Bakwai aka zura masa kafin a tashi. Yana zaune a gindin turke yana kuka har da majina sai ga A'i, 'yar mai gwanjon bakin kasuwa, wadda a lokacin ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ta ɗauko wata hula da ta yi wata takwas a shagon mahaifinta ba wanda ya taya, saboda mutanen garin sun kasa gane dalilin da zai sa mai hankali ya yi yawo da kifi a ka. Ta jefa masa a cinya ta ce, "Ungo. Ka daina sara wa rana kamar soja, ka kama balan." Bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure, marigayiya tana wurin, a cikin aljihun babbar riga.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayiya zai shaida tana da haƙuri da riƙon amana. Idrisa ya yi tsalle da ita dama da hagu, ya faɗi da ita a yashi da tsakuwa da taɓo, ya shiga da ita tsakanin ƙafafun ƙattan da ba sa tsoron Allah, ba ta taɓa barin kansa ta yi nata wuri ba. Duk da sunan da ake kiran danginta da shi, ba ta hana shi salla ko sau ɗaya ba. In lokaci ya yi sai ta sauka ta zauna kan buta ta jira. Ba ta da ƙyashi, domin ita ta ba shi sunan Mai Kifi ta zauna ita ba suna. Rubutun da ke ƙarƙashin kifin nata ma ta tafi da sirrinsa: malaman lakkal, wato makarantar boko, su uku sun duba, ɗaya ya ce Jamusanci ne, ɗaya ya ce sunan jirgin ruwa ne, na ukun ya ce a bar shi ya yi tunani, har ya yi ritaya bai dawo da amsa ba. Babban abin da za a tuna ta da shi kuwa shi ne rufin asiri. Shekara goma sha huɗu tana zaune a kan sanƙon da ya kama daga goshi har ƙeya, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Iyalan suna ba da haƙuri ga waɗanda daga wannan takarda suke fara jin labarin.

Ba mai yawan magana ba ce. Abin da aka san ta da shi kalma biyu ne, daga maɗaurinta na ƙeya, irin mai ƙaya-ƙayan nan da ake mannawa. In aka ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida, fili ya yi tsit, sai Idrisa ya kai hannu ƙeya a hankali, ya ɓalle: ƙyarrr. Ya mayar: taf. Shi ke nan. Akwai ɗan wasan Maraɗi da ya ji wannan ƙara ya buga ƙwallo ta wuce katanga ta faɗa tukunyar mai ƙosai, kuma har yau in matarsa ta ɓalle takalmin yaro sai gabansa ya faɗi.

Da wannan murya ta ci ƙasashe. Ta yi shekara huɗu da wata ƙungiya a Damagaram, uku a Maraɗi, uku a Yamai, inda mutane suka riƙa zuwa masaukin 'yan wasa da kwano suna tambayar ina mai kifin. Ta ƙetara iyaka ta yi kaka biyu a Katsina. A wasan ƙarshe na wani kofi ta tsare bugu uku a jere, magoya baya suka ɗauki Idrisa a kafaɗa suna neman su taɓa ta don tabarruki, shi kuma ya danne ta da hannu biyu saboda dalilin da aka ambata a sama. Har wata ƙungiya ta can arewa, bakin teku, ta kira shi gwaji. Ya yi kwana tara ba a ci shi ko ɗaya ba. A na goma aka kawo takardar sa hannu tare da sabuwar hula fara mai tambarin ƙungiya, aka ce tsohuwar ba ta dace da ƙa'ida ba. Idrisa ya dubi takardar, ya dubi kifin, ya nemi a nuna masa hanyar tasha. Mutanen gari sun ce ya yi wauta, kuma gaskiyarsu ne, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Daga nan ya dawo gida ya karɓi ragar Kunamu, shekara goma sha ɗaya ke nan.

A nan ya wajaba a ambaci Cha'ibu, mai tsaron gida na biyu, wanda ya shiga ƙungiyar a makon da Idrisa ya dawo. An ce masa ya ɗan zauna a benci kafin a ga yadda za a yi. Yana zaune ya yi aure, yana zaune ya haifi 'ya'ya biyar, yana zaune ya koyi ɗinkin raga da gyaran famfon ƙwallo, katakon bencin ma ya lotsa daidai mazauninsa. Rigarsa ta wasa har yau da ƙamshin shago. Bai taɓa yi wa marigayiya fatan sharri ba, ko kuma in ya yi, bai bari an ji ba, kuma shi ne mai kakkaɓe mata ƙura in an tafi hutun rabin lokaci.

Ciwon ajali ya fara ne da daminar shekara biyu da suka wuce. Ruwa ya dake ta a wani wasa, bakinta ya yi laushi ya ɗan sunkuyo. A wannan makon wata ƙwallo ta taso daga tsakiyar fili, a sama, a hankali, irin wadda ko tsohuwa za ta tara zane ta kama, ta wuce Idrisa yana tsaye. Ya ce bakin hula ne ya tare masa. Aka kai ta wurin Salisu tela, ya farke ya sa mata sabon kwali. Ba ta ji sauƙi ba. Ya yanko gefen jarka ya sa mata. Aka yi mata sitaci, aka yi mata guga da dutsen gawayi, aka danne ta da turmi kwana biyu. Bakin ya miƙe sambal har yana iya yanka albasa, amma ciwon sai gaba yake yi. Ta fara sa fuskokin 'yan kallo suna narkewa. Ta fara raba ƙwallo biyu, Idrisa ya zaɓi ɗaya ya kama da kyau, ɗayar ta shiga raga, alƙalin wasa kuma kullum da ta ragar yake aiki.

Abin ya kai maƙura a wasan Dungu na bana. Saura minti kaɗan a tashi, wani farin abu ya nufo kusurwar hagu a guje, Idrisa ya tashi sama ya miƙe iya tsawonsa, irin tsallen da ya kai shi Yamai, ya cafke shi ya rungume a ƙirji ya mirgina sau biyu. Fili ya ɗauki tafi. Da ya miƙe sai aka ga farar kazar maƙwabta ce a hannunsa tana neman ceto, ƙwallo kuwa ta daɗe da kwanciya a kusurwar dama. 'Yan Dungu sun yi dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Mutanen Matameye ba su yi ba, kuma wannan shirun ya fi dariyar yi wa Idrisa ciwo. Ya ce ciwon hula ya yi tsanani. Kowa ya ce ƙwarai kuwa, Allah ya ba ta lafiya.

Har a gida larurar ba ta bar shi ba, ko da ya cire ta ya rataye a ƙusa. Wata safiya ya fito tsakar gida ya tarar da surukarsa zaune a inuwa lulluɓe da zane, ya durƙusa ya gaishe ta da kwana, ya tambayi jiki, ya tambayi mutanen gida. Da ya ji shiru ya ɗauka fushi take, ya fara ba da haƙuri. Turmi ne aka yafa wa zane don kada kaji su hau. A'i tana bakin madafa tana kallo. Ba ta yi dariya ba, ta koma ciki ta daɗe ba ta fito ba.

Ita ce ta zo masa da labarin wai akwai wata mata a Damagaram da ta ƙware a ciwon huluna, sai dai ba ta duba hula sai da kan mai ita. Ranar Talata suka shiga mota. A ƙofar wurin akwai allo da manyan baƙaƙe da ke faɗin ko ɗakin mene ne, amma wannan bai ɓata wa A'i shiri ba, tunda idon Idrisa bai kai gare su ba. Likitar, Madam Bushra, ta zaunar da shi ta nuna masa alamomi a bango ta ce ya faɗi inda kowace ta fuskanta. Da hula a kansa ya faɗi layi biyu na sama, ya tsaya. Ta ce ya cire hular. Ya daɗe kafin ya kai hannu ƙeya. Ƙyarrr. Ba hula ma layi biyu ya faɗa, ya tsaya daidai inda ya tsaya ɗazu. Ta haska masa fitila a ido ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta hango A'i a bayansa tana girgiza kai tana nuna hular da haɓa, hawaye na zuba.

Allah ya saka wa wannan likita da alheri. Ta karɓi marigayiya da hannu biyu, ta juya ta, ta haska wa kifin fitila kamar yadda ta haska wa mai shi, sannan ta ce, "Malam Idrisa, sai haƙuri, wannan hular ta gama aikinta. Shekara ashirin da uku tana tare maka rana, abin da ya fi ƙarfinta ne ya wuce ya zauna a idanunka. Yanar da ta rufe su za mu cire ta bayan damina, za ka ga hanya, za ka ga 'ya'yanka. Amma akwai inda rana ta ƙona can ciki, wannan ba ya gyaruwa. Balan mai gudu kam, kada ka sa rai."

Abu ɗaya Idrisa ya tambaya: "Ta sha wahala?"

"Ko kaɗan," in ji likita. "A bakin aikinta ta cika."

A hanyar dawowa ya ɗora ta a gwiwa, kansa a buɗe, fasinjoji suna satar kallon sanƙon bai kula ba. Sai da suka yi nisa ya tambayi A'i tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da ya gaida turmi. Ya ce shi tun kafin nan ne, tun ƙwallon farko da ta wuce shi, tsoro ne ya hana shi faɗa, don bai san ko shi wane ne ba in ba a cikin raga ba. Ta ce ita ta san ko wane ne, mai kuka da majina ne a gindin turke, kuma a haka ta gan shi ta ɗauka.

Ko da labarin rasuwa ya bazu, Alhaji Abdulƙarim, shugaban ƙungiya, ya iso gidan da huluna goma sha biyu a buhu, har da wata da ya sa mai fenti ya zana mata kifi, ko da yake ya fi kama da ƙadangare. Ya ce ba ya neman Idrisa ya kama komai, ya dai tsaya. 'Yan Dawce sunansa kawai suke tsoro, in suka ga Mai Kifi a raga ƙafarsu za ta yi sanyi. Maganar ta shiga Idrisa, ba a ɓoye ba. Kofin nan shi kaɗai ne bai taɓa ɗagawa a garinsu ba, kuma yana son sa kamar ransa. Ranar Alhamis da la'asar ya sa mai ƙadangaren, ya kira Cha'ibu fili, ya tsaya a ragar gabas ya ce ya buga masa goma. Ya kama tara. Amma wanda ya yi shekara ashirin da uku yana jin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo ba a yi masa wayo, ya ji sarai lallaɓa ta ake yi ana miƙo masa a ciki. Ya ce, "Cha'ibu, don girman Allah buga mini irin ta Dawce." Cha'ibu ya ja da baya ya buga. Idrisa bai motsa ba, ƙarar raga ya ji a bayansa. Ya zare safar hannunsa ya nufi inda yake jin shessheƙar Cha'ibu.

Marigayiya ta rasu ta bar safar hannu biyu, ta dama da ta hagu, ta hagun tana fama da ɗan yatsa. Da tawul ɗaya da ke kwana a kusurwar raga. Da ƙusar da take rataye a kai, wadda tun ranar Talata take tsaye a bango ba ta san abin yi ba. Ta bar sanƙo guda, maraya, a fili. Ta bar A'i, wadda ta kawo ta gidan ta kuma raka ta tafiyar ƙarshe. Cikin dangi na nesa akwai farar kaza, wadda ta aiko da cewa ta yafe.

Game da jana'iza, an tuntuɓi malamin unguwa, ya ce hula ba a yi mata wanka ba a yi mata salla, kuma kada ya ji an ambaci likkafani, amma rami ba wanda ya hana kowa tonawa. Saboda haka za a binne ta ranar Lahadi bayan la'asar, kafin a take wasa, taku uku bayan ragar gabas, bakinta yana kallon yamma kamar yadda ta saba. Salisu tela zai riƙe ta, Idrisa zai ɓalle maɗaurin sau ɗaya, ba zai mayar ba. Ana roƙon 'yan Dawce su halarta, su kuma riƙe dariyarsu na minti ɗaya.

Bayan an rufe rami Cha'ibu zai shiga raga da safar hannun da aka ambata, kuma ana roƙon jama'a su kira sunansa da ƙarfi, don shekara goma sha ɗaya bai ji yadda yake fita daga bakin taro ba. Wanda ya ga dama ya zo masa da hula, ko wace iri ce. Idrisa zai zauna a benci, a gurbin da ya lotsa, A'i a gefensa tana faɗa masa inda ƙwallo take.

Za a yi zaman makoki kwana uku a gidan Mai Kifi da ke bayan kasuwa, daga hantsi zuwa azahar. Ba a buƙatar a zo da komai. Abu ɗaya kawai iyalan suke roƙo: duk mai shigowa gaisuwa, ko da abokin shekara talatin ne, ya yi sallama ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa, don kada mai makoki ya sha kunyar tambayar ko wane ne.